Yadda Za Ka Gano Matsalar Injin Kwale-kwale Idan Yana Hayaƙi Ko Zafi

Masu kwale-kwale daga Tiga da Haɗejia sun sha tambayata a kan wannan. Ga matakan:

1. Rage wuta, ka kalli launin hayaƙin.

2. Idan baƙi ne, fetur ya yi yawa. Duba ko ka bar cok (abin da ake ja don tayar da inji idan ya yi sanyi) a ja.

3. Idan shuɗi ne, man inji ne ke ƙonewa. Galibi man ne ya zarce a haɗin: yawancin injunan da ake haɗa wa mai da fetur rabin lita na mai suke so a lita 25 na fetur, amma bi ƙa'idar injinka.

4. Idan fari ne kamar tururin tukunya, leƙa ruwan sanyaya inji da ke tsartuwa a bayansa. Ya tsaya ko ya ragu? Kashe nan take.

5. Bayan ka kashe, ɗaga ƙafar injin (ɓangaren da ke cikin ruwa).

6. Cire leda, ciyawar kachalla ko laka daga ramukan shan ruwa.

7. Tsokale bututun tsartuwa da siririn tsinke.

Hattara: kada ka tayar da inji a waje ba ruwa. Cikin daƙiƙoƙi robar famfon ruwa za ta ƙone. A nan mutane da yawa ke yin asara.

8. Mayar da ƙafar cikin ruwa, ka sake tayarwa.

9. Har yanzu ruwan ba ya tsartuwa? Wataƙila robar ta mutu. Ɗauki filafili, sai wajen makanike.