Babi na Bakwai: Ɗaure Bakin Waya a Cikin Konekta

Iyayena da yayyena, ku ajiye alƙalami tukuna. Wannan babi da hannu ake koyonsa. Kowa ya ajiye waɗannan a gabansa: guntun waya mai tsawon kamu ɗaya, konekta ɗaya, ƙaramar sukudireba mai faɗin baki, filaya, da testa, wato abin gwada ko akwai wuta a waya. Wanda ba ya iya karanta wata kalma ya ɗaga hannu, ba abin kunya ba ne, don haka muka taru.

Darasi na 1: Sanin kayan aiki

Ɗauki konektar, wato abin da ake haɗa bakin waya biyu a cikinsa, ka juya ta a hannunka. Jikinta roba ce mai tauri, galibi fara ko baƙa. Wuta ba ta bi ta cikin roba, shi ya sa aka yi jikin da ita. Akwai mai jikin tangaran, wadda ake sawa inda zafi ya yi yawa, kamar cikin hita.

Leƙa ramin gefe. Za ka hangi wani ɗan bututu rawaya a kwance. Tagulla ce, kuma ta cikinta wuta take wucewa. Yanzu dubi sama: ramuka biyu, kowanne da ɗan noti a ciki. Noti ɗaya na wayar da ta shigo ta dama ne, ɗayan na wadda ta shigo ta hagu. Bututu ɗaya da notinsa biyu su ne muke kira gida ɗaya. Doguwar konekta takan zo da gida 12 a jere, sai mutum ya yanki adadin da yake bukata da wuƙa, ta tsakanin gida da gida.

A jikinta ko a ledarta za ka ga lamba da harafin A, kamar 5A, 15A ko 30A. Harafin A yana nufin amfiya, wato yawan wutar da za ta iya ɗauka ba tare da ta yi zafi ba. Lambar da ta fi girma ta fi ɗaukar kaya. Kada ka sa mai 5A a layin da zai ciyar da dutsen guga ko hita. Waya ma tana da lambarta, 1.5 ko 2.5 ko 4, kuma kaurin jan ƙarfen ciki ake nufi. Mai 1.5 akan yi fitilu da ita, mai 2.5 kuma soket.

Darasi na 2: Kashe wuta

A aji muna aiki da guntun waya da ba ta haɗe da komai. A wurin aiki na gaske ba haka ba ne. Je ka babban makunni ko bireka ka sauke. Kada ka aiki yaro, ka je da ƙafarka. Kashe makunnin bango kaɗai bai isa ba, domin akwai gidajen da aka juya wayoyin, fitila ta mutu amma wuta na nan a bakin waya.

Sannan ka gwada, sau uku. Taɓa testarka a wurin da ka san akwai wuta, ka ga ta kama. Taɓa wayar da za ka yi aiki a kanta, kowane sili daban, ka ga ba ta kama ba. Koma wurin farko ka sake taɓawa, don ka tabbata testar ba ta mutu a hannunka ba. Idan an ɗauke wuta ne, kada ka ce ai babu wuta. Wanda ya ɗauke ba zai yi maka sallama ba in zai dawo da ita. Sauke bireka.

Darasi na 3: Fere bakin waya

A nan ne yawancinku kuke tuntuɓe, don haka za mu tafi a hankali.

Waya tana da abu biyu: rigar roba a waje, jan ƙarfe a ciki. Za mu cire rigar daga bakin kawai. Tambayar ita ce, nawa za a cire? Ba sai da abin awo ba. Kwantar da wayar a gefen konekta daga waje, bakinta ya tsaya a tsakiyar gida, wato tsakanin notin nan biyu. Dubi inda bututun tagulla ya ƙare ta gefenka. Sa farcen babban yatsa a nan. Daga farcenka zuwa bakin waya, shi za ka fere. A ƙaramar konekta wannan bai wuce milimita 6 zuwa 8 ba, bai kai faɗin farcen ɗan yatsanka ba.

Kowa ya yi. Kwantar, duba, sa farce. Sake. Kwantar da waya a gefe, bakinta a tsakiya, farce a ƙarshen tagulla. Madalla.

Yanzu yanka. Idan kana da filayar fere waya, mai ramuka da lambobi, sa wayar a ramin da lambarsa ta yi daidai da tata, ka matse, ka ja. Idan wuƙa ce, zagaya robar a hankali kamar mai zana layi, kada ka danna, sannan ka lanƙwasa wayar kaɗan, robar za ta tsage da kanta, ka zare ta da yatsa. Ɗaga bakin sama wajen haske ka duba. Ka ga tabon wuƙa a jikin jan ƙarfen? To a nan za ta karye wata rana. Yanke wurin, ka sake. Babu laifi, don haka na ba ku waya mai tsawo.

Waya iri biyu ce. Akwai mai sili ɗaya mai tauri, akwai mai silili da yawa sirara kamar gashi. Mai silili, bayan ka fere, dubi guntun robar da ka zare. Idan akwai silili a cikinta, ka yanke su ke nan, ka rage wa wayar ƙarfi. Sake. Idan duk suna nan, kama su da yatsa biyu ka murɗe su zuwa dama har su zama abu ɗaya. Ko sili ɗaya kada ya tsaya a gefe.

Darasi na 4: Zurawa da ɗaurewa

Fara da kwance noti. Juya sukudireba zuwa hagu, kana leƙa ramin gefe, har ka ga noti ya ɗaga, hanya ta buɗe. Kada ka cire shi gaba ɗaya, ƙanƙane ne, in ya faɗi sai an sha nema. Na sha ganin mutum yana ta cusa waya yana gumi, alhali noti yana ƙasa, ya tare hanya.

Zura wayar har rigar roba ta zo daidai bakin tagulla. Riƙe ta a nan da hannu ɗaya. Juya noti zuwa dama, yadda hannun agogo yake tafiya, har ka ji ya cije, sannan ka ƙara masa ɗan kaɗan. Ba da ƙarfin dantse ba, da ƙarfin yatsu. In ka wuce gona da iri, noti zai datse sililin ko kuma zarensa ya lalace ya riƙa juyawa a banza.

Ga abu uku da za ku haddace, ku faɗa tare da ni:

Noti a kan jan ƙarfe.
Roba a bakin rami.
A ja a gani.

Noti a kan jan ƙarfe: ma'ana abin da noti ya danne jan ƙarfe ne, ba roba ba. Idan ka fere kaɗan ka tura da yawa, noti zai sauka a kan rigar. Za ka ji ya ɗauru tamau, ka ja ba ta fita ba, ka ce aiki ya yi. Bai yi ba. Wuta ba za ta wuce ba, ko kuma ta riƙa wucewa ta ɗan wurin da noti ya huda, fitila na kyaftawa.

Roba a bakin rami: ma'ana in ka duba daga waje, ba za ka ga jan ƙarfe ba ko kaɗan. In ka ga yana ƙyalli a waje, ka fere da yawa. Kwance, rage bakin da filaya, mayar. Jan ƙarfen da ke waje shi ne yatsa zai taɓa, shi ne kuma zai taɓa maƙwabcinsa a ji ƙara tas.

A ja a gani: riƙe konekta da hannu ɗaya, ka ja wayar da ɗayan, ja na gaske. Kowace waya daban. In ta motsa ko ta zame, ba ta ɗauru ba.

Wani dattijo a ajin da ya gabata ya kawo mini konektar da ya ciro daga bayan tukunyar dafa ruwa ta lantarki. Gida biyu fari fat, na ukun ya koma baƙi, robar ta narke ta rufe kan noti, tagullar ta yi duhu, ƙaurin yana nan a jikinta. Ya ce shi dai ya san ya ɗaure. Na ce, Baba, ka ja? Ya yi shiru. Wayar da ba ta ɗauru ba tana taɓa tagulla ta ɗan wuri ne kawai, duk wutar sai ta matsu ta nan, wurin ya ɗau zafi. Abin da ke jan amfiya 10, in haɗinsa ya yi sako-sako, zafin da zai taru a ɗan wurin nan yana iya kaiwa wat 50, kusan na ƙwan fitila irin na da, wanda ba ya taɓuwa. Kuma fis ba zai tsinke ba, bireka ba za ta sauka ba, domin a wurinsu wutar ba ta wuce ƙima ba. Haka zai yi ta ci a ɓoye.

To, mu sake daga farko. Kwance noti, leƙa. Zura. Roba a bakin rami. Ɗaure zuwa dama. Ja. Ta fita? Ba komai, kowa haka ya fara. Murɗe sililin, sake zurawa. Ja. Yauwa.

Idan wayar siririya ce ramin kuma ya yi mata faɗi, noti zai iya ture ta gefe ya sauka a banza. Fere ninki biyu na tsawon, ka naɗe bakin ya koma kansa, ya yi kauri, sannan ka zura. Ka ja.

Kada ka shafa wa bakin waya dalma kafin ka sa ta ƙarƙashin noti. Na san yana yin kyau a ido. Amma dalma taushi gare ta, a hankali takan lotsa, bayan wani lokaci noti ya saki. Wanda ke son bakin ya haɗu tsaf, akwai ɗan hulan ƙarfe da ake sa wa silili a matse da filayarsa.

Yanzu zan faɗi magana, kada ranku ya ɓaci. Makon jiya na karɓi aikin aji, na bi ɗaya bayan ɗaya ina ja. Fiye da rabi sun zare a hannuna kamar ba a taɓa noti ba. Sau nawa zan faɗa? Ja ɗin nan ba ya cin minti ɗaya. Wasunku da na juya baya sai su naɗe komai da baƙin salatif don kada in gani. Salatif ba ya ɗaure waya, ɓoye kuskure kawai yake yi. Ku ba yara ba ne, akwai masu jikoki a cikinku, kuma a ɗakin da wani zai kwana za ku yi wannan aikin. Wanda ya kawo mini konekta gobe da jan ƙarfe a waje, ko wadda ba a ja ba, ba zan duba masa ba, zai koma Darasi na 3. Noti a kan jan ƙarfe, roba a bakin rami, a ja a gani.

Darasi na 5: Launi da launi

Kowane gida waya iri ɗaya yake haɗawa. Abin da ya shiga ta dama, ɗan'uwansa ne zai shiga ta hagu. Mai ruwan ƙasa ita ce mai wuta, masu sana'a suna ce mata layif. Shuɗiya ita ce nutural, wadda wuta ke komawa ta cikinta. Mai ratsin kore da rawaya ita ce wayar ƙasa, mai kare rai. A tsohon tsarin Ingila, wanda har yanzu ake samu a gine-gine da yawa, ja ce mai wuta, baƙa nutural. A Amurka kuwa baƙa ce mai wuta, fara nutural. Kun ga baƙa tana da fuska biyu, saboda haka kada ku amince wa launi sai testa ta shaida.

Bar wayar ƙasa ta ɗan fi sauran tsawo. In an fizgi igiyar da ta ƙunshi wayoyin, ita ce za ta fita a ƙarshe.

Kada a cusa jan ƙarfe da alminiyam a rami ɗaya. Suna cin juna.

Darasi na 6: Rufewa

Konekta ba ta zama a fili. Sa ta cikin akwatin haɗi mai murfi. Babbar rigar waje ta igiyar ta shiga har cikin akwatin, a danne ta da maɗaurin da ke bakinsa, don nauyi kada ya rataya a kan noti. Kafin ka rufe, sake jan kowace waya. Rufe, sannan ka ɗaga bireka.

Darasi na 7: Wasu ire-ire

Akwai mai ɗan hannu da ake ɗagawa a sauke, babu noti, kamar Wago 221. Milimita 11 ake ferewa, an rubuta a jikinta. Akwai kuma waɗanda ake jerawa a kan dogon ƙarfe cikin babban allon wuta. Wannan aikin ƙwararru ne.

Aikin gida: haɗa gida uku, launi da launi. A kawo ranar aji.