Yadda sabon mai fatsa zai zaɓi koto a Damagaram

Fara da sanin kifin da kake nema. A tafkunanmu irin na Gidimuni, tarwaɗa da ƙarfasa za ka fi cin karo da su.

In tarwaɗa ce, manta da kyan koto. Tana kiwo ne a ƙasan ruwa, da gashin bakinta take laluben abinci, wari take bi. Soka tana ko hanjin kaza a ƙugiya, ka ɗaura 'yar dalma don ya nutse. Ƙarfasa kuwa bakinta ƙarami ne, sai ƙaramar ƙugiya da guntun tana.

Sannan dubi ruwan. Da damina yakan yi jawur da laka, kifi ba ya gani da nisa. Kifin roba da ɗan cokali mai walƙiya, wato koton bogi da ake sayarwa, sai ruwa ya kwanta, kuma kifaye masu farauta suke ruɗa. Ni dai ban ga dalilin da sabon shiga zai zuba kuɗinsa a kansu ba, ga fara ko'ina bayan kaka.

Jefa da asuba ko dab da magariba. Ka yi minti 20 shiru? Sauya wuri kafin ka sauya koto.