Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Tace Log da Lokaci

Sabar ta tsaya da ƙarfe biyu na dare. Ka buɗe Splunk ko Kibana, manhajojin binciken log (rubutaccen tarihin abin da sabar ke yi), ka nemi duk abin da ya faru bayan ƙarfe biyu, sai allon ya dawo fayau. Galibi log ɗin na nan daram, kwatancen lokacin ne ya karkace.

Wanda ya fi kayar da mutane shi ne kwatanta rubutu da rubutu alhali suna zaton lokaci suke kwatantawa. A Splunk, _time, wato filin da ke riƙe lokacin kowane log, lamba ce: adadin sakan da suka shuɗe tun 1 ga Janairu 1970, agogon UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya. Da zarar ka juya ta da umarnin strftime don ta yi daɗin karantawa, ta zama haruffa. Kwamfuta kuwa harafi bayan harafi take bi, don haka a wajenta "9/3/2024" ya fi "10/3/2024" girma, tunda 9 ya fi 1. Ka mayar da ɓangarorin biyu lamba da umarnin strptime, ka yi kwatancenka, sannan ka yi musu kwalliya daga baya. Kuma ka yi kwatancen da umarnin where. Umarnin search ba ya kwatanta fili da fili. Sunan fili na biyun yakan ɗauke shi a matsayin kalma kawai, ba kuma zai yi maka ƙorafi ba. Wannan shirun ne ya fi ban haushi.

Sai batun sakan da milisakan. Ƙirga lambobin da ke cikin lokacin: guda 10 sakan ne, guda 13 milisakan. Elasticsearch (rumbun da Kibana ke karantawa) da CloudWatch (ma'ajiyar log ta Amazon) milisakan suke ajiyewa. Ka ba su 1700000000, wato Nuwamba 2023 a lissafin sakan, su fassara shi da Janairu 1970. Ka ninka da 1000, shi ke nan.

Agogo ma yana yaudara. Sabobi da yawa UTC suke rubutawa, Kibana kuma agogon burauzarka yake nunawa in ba ka canza ba. Mai aiki daga Kano ko Maradi yana gaban UTC da awa ɗaya, saboda haka ƙarfe biyunsa ƙarfe ɗaya ne a log. Na Kumasi bai san wannan ciwon kan ba, don agogon Ghana daidai yake da UTC. Ka riƙa rubuta lokaci cikakke a tsarin ISO 8601 (shekara-wata-rana, sannan lokaci), da +01:00 ko Z (alamar UTC) a ƙarshe.

Kada ka manta akwatin zaɓen lokaci da ke saman shafi. In yana kan "mintuna 15 da suka wuce", where _time ba zai haƙo maka na jiya ba, cikin waɗannan mintunan kaɗai zai tace. A Splunk, sa earliest da latest (farko da ƙarshen lokacin da kake so) a cikin tambayar.

In duk ka duba waɗannan abin bai fito ba, kwatanta _time da _indextime. Na farko lokacin da abin ya faru ne, na biyu lokacin da ya iso rumbu, kuma inda intanet ke yawan yankewa tazarar kan kai sa'o'i.