Idan rumbun bayanai ya cije: yadda ake gano zaren da ya tare hanya a MySQL

A makon rajistar ɗalibai, shagunan intanet daga Mabera har Runjin Sambo cike suke, shafin makaranta yana ta juyi ya ƙi buɗewa, wayar mai kula da sabar kuma ba ta daina ƙara ba. A irin wannan lokaci hannu yakan tafi kai tsaye wurin kashe sabar a sake kunnawa. Dakata tukuna. Da ka sake kunnawa shaidar ta goge, gobe kuma abin ya dawo ba ka san mafarinsa ba.

A tsarin asali na MySQL, wato manhajar rumbun bayanan da shafin ya dogara da ita, duk haɗin da manhaja ta buɗe ana ba shi zare (thread) guda da zai yi masa aiki. Shiga da asusu mai izinin PROCESS, in ba haka ba zarurrukanka kaɗai za ka gani, sannan ka rubuta:

SHOW FULL PROCESSLIST;

Kada ka bar FULL, domin in babu ita haruffa 100 na farko na kowane umarni kawai za a nuna maka. In an ƙi barinka shiga da kuskure mai lamba 1040, ƙofofin haɗi sun cika ne. Adadinsu na asali 151, amma akwai ƙarin guda da aka ware wa mai gudanarwa. Shi ya sa bai dace manhaja ta riƙa aiki da asusun root, wato na mai gudanarwa, ba, don ita ma za ta cinye wannan ƙofar.

Ginshiƙai huɗu za ka sa wa ido: Command, Time, State da Info. Command nau'in aikin zaren ne, State halin da yake ciki, Info umarnin da yake gudanarwa, Time kuma daƙiƙun da ya yi a wannan hali. Duba sau biyu, tazarar daƙiƙa 10. Wanda ya ɓace ya gama aikinsa, wanda lambarsa ke nan, lokacinsa na ƙaruwa, shi ne abin bincike.

A nan ne mutane suka fi ɓata. Za ka ga zarurruka da yawa jere, State ɗinsu na cewa "Waiting for table metadata lock", sai ka ɗauka su ne masu laifi. Jira kawai suke yi, kamar motocin da suka taru bayan tirelar da ta mutu a tsakiyar titi. Mai laifin sau da yawa yana can ƙasa shiru, Command ɗinsa Sleep, Info babu komai. Manhaja ce ta buɗe ma'amala (transaction, jerin umarnin da ake tabbatarwa ko a soke su tare), ta taɓa tebur, ba ta rufe da COMMIT ko ROLLBACK ba, kullen teburin ya zauna a hannunta. Sai wani ya kawo ALTER TABLE, umarnin sauya tsarin tebur, ya tsaya jiranta, duk wanda ya zo bayansa, ko karatu kawai zai yi, ya shiga layi. Kuma sabar ba za ta sallami mai barcin da wuri ba: wait_timeout na asali daƙiƙa 28800 ne, awa 8 cur. Ka zaƙulo shi da wannan:

SELECT trx_mysql_thread_id, trx_state, trx_started, trx_rows_modified FROM information_schema.innodb_trx ORDER BY trx_started;

Na saman shi ya fi daɗewa, lambarsa kuma daidai take da Id na jerin farko. In rikicin kan layukan tebur ne, manhaja tana kukan kuskure 1205 bayan jiran daƙiƙa 50, to sys.innodb_lock_waits zai nuna maka waiting_pid da blocking_pid, mai jira da wanda ya tare shi.

Kafin ka taɓa mai barcin, ka gano abin da ya yi na ƙarshe, don shi za ka kai wa mai rubuta manhajar. A performance_schema.threads nemi layin da PROCESSLIST_ID ya yi daidai da lambarsa, ɗauki THREAD_ID, wanda lamba ce daban, ka bincika ta a events_statements_history. Umarni 10 na ƙarshe na kowane zare ake ajiyewa, kuma suna tafiya da zarar haɗin ya yanke. Masu MariaDB, 'yar'uwar MySQL, su sani cewa wannan sashe a kashe yake zuwa, sai an kunna shi a fayil ɗin saiti.

In kuwa zaren aiki yake yi da gaske, State na nuna "executing" ko "Sending data" a tsofaffin siga, rubuta EXPLAIN FOR CONNECTION da lambarsa, a MariaDB kuma SHOW EXPLAIN FOR, don ka ga yadda sabar ke aiwatar da umarnin. Ka ga ALL a ginshiƙin type a kan babban tebur? Duk teburin yake karantawa layi-layi, ko dai fihirisa (index) ce babu, ko akwai amma ba a amfani da ita.

Sai batun kashewa. KILL QUERY yana tsayar da umarnin da ke gudana ya bar haɗin, don haka ba ya amfani a kan mai barci, kullen yana nan hannunsa. KILL da lamba kawai shi ke yanke haɗin ya warware ma'amalar. Amma dubi trx_rows_modified tukuna. In layuka miliyoyi ya sauya, warwarewar kan iya fin aikin farko daɗewa, za ka ga "Killed" ya zauna ya ƙi tafiya. Ka yi haƙuri da shi, domin ko ka sake kunna sabar, InnoDB, injin da ke riƙe teburan, sai ya ƙarasa warwarewar. Wannan aiki yana buƙatar wuta tsayayya, don haka a tabbatar da janareta ko inbata kafin a fara. Zarurrukan "system user", event_scheduler da Binlog Dump kuwa na sabar ne da kwafin bayanai, a bar su yadda aka same su.