Kafin ka zuba sidi a hedifon mai tsada: kurakuran da aka fi yi

Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci a unguwar Nima da ke Accra, duba wuyan samari. Hedifon rataye kamar sarƙa, wani ma ko caji babu a cikinsa. Ado ne, ba laifi. Kuskuren shi ne ka biya kuɗin ado kana zaton sauti ka saya. Apple ya sayi Beats, kamfanin yin hedifon, a 2014 kan dala biliyan 3, kuma sunan da ke jikin kayan yana cikin abin da kake biya. Gyaran mai sauƙi ne: sa karatun Alƙur'ani ko waƙar da kunnenka ya saba da ita, ka saurara da mai tsadar, ka saurara da na rabin kuɗinsa. In ba ka ji bambanci ba, mayar da sauran aljihu.

Sai jabu. A Circle, kasuwar wayoyi ta Accra, akwai na gaske, akwai kuma wanda kwalinsa kawai ya yi kama. AirPods Max, hedifon na Apple, ya fito a 2020 kan dala 549. Wanda ya miƙo maka shi a kuɗin buhun shinkafa yana cewa "oga, orijina ne", ka tuna araha ba ta ado. Lambar da ke jikin kwali ma kwafarta ake yi, don haka nemi rasit da garanti a rubuce.

Inda na fi jin mutane na cizon yatsa kuwa shi ne maganar kashe hayaniya. Fasahar ta fi iya danne ƙara mai ɗorewa, irin gurnanin injin trotro (motar haya) ko janareta lokacin dumsor, wato ɗauke wuta. Hon ɗin direba da ihun kwandasta mai kiran "Madina, Madina" za su shigo, sai dai su ragu. Gara ma haka, in kana tsallaka titi.

Ba kowa ke tuna zufa ba. Fatar roba da ke matashin kunnen tana ɓarewa a zafin Accra, ka ga baƙin ɓurɓushi a kwalar riga. Tambayi mai shago ko ana samun canjin matashin kafin ka biya. Nauyi ma haka: AirPods Max ya kusa giram 385, Sony WH-1000XM5 kuwa wajen 250. Minti biyu a shago ba ya nuna komai, bar shi a kanka ko da minti goma sha biyar.

Duba wayarka kuma. LDAC na Sony, wanda ke aika sauti mai inganci ta Bluetooth, iPhone ba ta ɗaukarsa. Kayan Apple kuma in ka haɗa su da Tecno ko Samsung za su yi magana, amma wasu abubuwan da ka biya dominsu ba za su buɗe ba. Je shagon da wayar da kake riƙewa kullum, a gwada a gabanka.