Wane tanti za ka saya, kuma ya za ka yi ya daɗe maka

Kafin hoton tanti ya burge ka ka cire kuɗi, fara tambayar kanka: a mota za ka kai shi wurin da za ka kwana, ko a bayanka za ka goya shi kana tafiya a ƙasa? Amsar nan ita ce rabin zaɓin wallahi, don tantin da ya yi daɗin kwana sau da yawa shi ne mai azabar ɗauka.

Wanda aka fi gani shi ne mai kamar ƙwarya a kife, sanda biyu ne suke gittawa a sama, mutum ɗaya ma zai kafa shi, kuma yana tsayawa da kansa ko ba ka buga turaku ba, sai dai ka buga ɗin saboda iska. In karon farko ne za ka saya, ni shi nake ba da shawara. Akwai dogo mai lanƙwasassun sanduna a jere, ya fi fili a ciki kuma yakan zo da ɗan zaure na ajiye takalma da jaka, amma shi ba ya tsayuwa sai da turaku da igiya, kuma dole ka juya ƙarshensa ya fuskanci iska, in ta buge shi ta gefe za ka sha jijjiga cikin dare. Sai mai miƙaƙƙen bango wanda za ka tsaya a ciki ka sa riga ba sunkuyo, ya dace da iyali, amma nauyi gare shi kuma iska mai ƙarfi ba ta raga masa. Wanda ake wurgawa ya buɗe da kansa kuwa, na kwana ɗaya biyu ne a yanayi mai kyau, kuma naɗe shi sai ka koya.

Kar ka yarda da lambar mutanen da aka rubuta a jaka. In sun ce na mutum 2 ne, nufinsu mutum biyu kwance kafaɗa da kafaɗa ba kaya, don haka ƙara ɗaya a kan adadinku.

Yanzu maganar ruwa, nan ne ya kamata ka tsaya ka karanta takardar da kyau. Za ka ga lamba da mm (wato milimita) a gabanta, ita ce ke nuna yawan matsin ruwan da yadin zai jure kafin ya fara yoyo. 1,500mm zai tare yayyafi da ruwa na daidai, in kana sa ran ruwa mai ƙarfi nemi 3,000mm, shimfiɗar ƙasa kuma gara ta fi haka tunda a kanta kake durƙusawa kana danna ta cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Juya rufin ka duba ɗinkin ta ciki, ya kamata ka ga siririn tef an manne a kai, don ta ramin allura ruwa ya fi shiga. Kuma nemi mai hawa biyu, wato na ciki mai raga da rufin waje daban. Da yawa suna tashi da asuba su ga bango a jiƙe su ce tanti ya yi yoyo, alhali numfashinsu ne ya zama raɓa a jikin yadin, maganinsa kawai ka bar tagogin iskan nan na sama a buɗe ko da sanyi ake.

Yadin foliyesta ya fi jure rana, nailan ya fi rashin nauyi amma yana saki in ya jiƙe sai ka sake ɗaure igiyoyi. Na auduga mai kauri ya fi sanyi a zafi kuma yana shekaru, sai dai nauyi, kuma sabo ana jiƙa shi a bar shi ya bushe kafin fita don zaren ya kumbura ya toshe ramukan ɗinki. Sandunan alminiyom sun fi na faiba, faiba tsagewa yake yi.

Kulawa kuwa, abin da ya fi kashe tanti shi ne a naɗe shi da danshi. In ruwa ya sa ka tattara a jiƙe, da ka isa gida ka baza shi a inuwa har ya bushe ƙarau, har da igiyoyi da jakar, in ba haka ba fumfuna za ta kama shi, ga wari, ga baƙin tabo da ba ya fita, shafin hana ruwan ma ya fara danƙo yana ɓarewa. Kar ka sa shi a injin wanki, kar ka sa masa omo ko bilic, soso da ruwan sanyi sun isa. Rana ma tana cinye yadi a hankali, in za ku daɗe a wuri ku kafa a inuwa, amma duba sama kar ya zama ƙarƙashin busasshen reshe.

Share tsakuwa da ƙaya kafin ka kafa, ka shimfiɗa tamfol a ƙasa wanda bai kai faɗin tantin ba, in ya leƙo waje ruwa zai tara ya tura maka ƙarƙashi. Zif in ya fara cijewa yashi ne, goge shi da tsohon buroshin haƙori, kar ka ja da ƙarfi. Sanduna ka fara naɗewa daga tsakiya don robar da ke cikin sandunan tana haɗa su kar ta saki. Kuma don Allah kar a kunna risho ko a shiga da garwashi ciki, yadin yana kama wuta nan da nan, ga iskar gubar da gawayi ke fitarwa wadda ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci.

A gida kar ka bar shi a matse cikin ƙaramar jakarsa wata da watanni, zuba shi sakwa-sakwa a babban buhun yadi, ka ajiye inda ba zafi ba laima kuma ɓera ba zai kai gare shi ba.