Idan gobara ko ambaliya ta same ka, kada ka yi saurin share wurin

Ka fara ɗaukar hoto da bidiyo, tun kafin a kwashe toka ko a ɗaga katangar da ta rushe.
A ranar ka sanar da mai unguwa, ya zo ya gani da idonsa.

Sannan ka rubuta takardar neman agaji zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma. Shafi ɗaya ya isa: sunanka, unguwa, ranar da abin ya faru, mutum nawa ne a gidan, ɗaki nawa ya lalace, da lambar waya.
Ka yi kwafi 2. Ka miƙa ɗaya a sakatariya, ɗayan a buga maka hatimi da kwanan wata ka riƙe.

Dalili kuwa, ana raba agaji ne bisa jerin sunayen da jami'an tantancewa suka rubuta. Rahoton ƙaramar hukuma shi ke tafiya hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha (SEMA), idan ɓarnar ta yi yawa har ta ƙasa (NEMA). Wanda sunansa bai shiga ba tun farko, da wuya a saka shi daga baya.

Idan haya kake, ka tabbata an rubuta sunanka daban da na mai gida, in ba haka ba shi kaɗai za a lissafa.
Sunan ya dace da na katin NIN da asusun bankinka.

Inda dabarar ba ta cika aiki ba: gida ɗaya kaɗai abin ya shafa. Nan sai bin sawu, ta hannun kansila. Kuma sau da yawa kaya ake bayarwa, kwanon rufi, siminti, shinkafa, ba kuɗi ba, bayan makonni.